Ibrahim: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gari



Abin da za mu yi magana a kansa yau suna ne guda ɗaya, watau Ibrahim: ma'anarsa, da hanyar da ya biyo har ya iso ƙasarmu, da dalilin da ya sa ya yawaita a cikinmu. Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da manyan al'amura na ƙasa, ina amfanin tara jama'a saboda suna? To, Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma mu da ke zaune a nan mu ne za mu riƙe littattafan rajista a makarantu da asibitoci da ofisoshi, mu ne kuma gobe za a zo a tambaye mu sunan da za a raɗa wa jariri. Wanda za a danƙa wa linzami kuwa, ya kamata ya san dokin da aka ɗaura wa. Za mu ɗauki misalanmu daga hanyar nan da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Bodinga da Shagari, domin abin da muke so mu nuna a rubuce yake a tarihin garuruwan da ke bakinta.

Bari mu fara da abin da yakan ba mutane da yawa mamaki. Ibrahim ba kalmar Larabci ba ce, kuma malaman Larabci su ne suka fara faɗar haka. Al-Jawaliƙi, malamin lugga na Bagadaza a ƙarni na 12, ya rubuta littafi a kan baƙin kalmomin da suka shiga Larabci, ya lissafa wannan suna a cikinsu, kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya kawo wannan bayani a littafinsa na ilmin Alƙur'ani. Ba ma sai mun buɗe littafi ba, shaidar tana bakinmu kullum. A cikin salatin da muke yi a zaman tahiya, idan muka zo sunan Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mukan ce Muhammadin, amma idan muka zo ɗaya sunan sai mu ce Ibrahima. Dalili shi ne, a ƙa'idar nahawu, irin wannan suna na ajami ba ya karɓar tanwini, ba ya kuma karɓar wasalin ƙasa. Har wa yau, a ƙira'ar Ibn Amir ta ruwayar Hisham, akan karanta sunan Ibrahama a wurare da dama, lafazin da ya fi kusa da yadda yake a harshen Ibrananci.

A Ibrananci, watau harshen da Attaura take a rubuce, sunan Abraham ne. Littafin Farawa ya nuna cewa sunansa na farko Abram, wanda ke nufin uba maɗaukaki, daga baya aka mai da shi Abraham, aka kuma fassara sabon sunan da uban al'ummai masu yawa. Wasu malaman Musulunci kuma sun ce da harshen Suryaniyanci yana nufin uba mai jinƙai. Ko wace fassara aka ɗauka, gaɓar farko ba ta sakewa: ab, watau uba. Duk wanda ya ji kamar wannan gaɓa ta yi kusa da tamu kalmar, kunnensa bai yi nisa ba, gama masana harsuna sun sa Hausa da Larabci da Ibrananci cikin babban dangi guda, ko da yake rassansu sun rabu tun zamani mai nisa ƙwarai.

Haka lamarin yake ga sauran sunayen da suka zo tare da shi. Isma'ila na nufin Allah ya ji. Isiyaku na nufin ya yi dariya. Yusufu addu'a ce ta neman ƙari, Dauda ƙaunatacce, Yunusa kurciya, Zakariya kuwa Ubangiji ya tuna. Ku lura da kyau, jama'a. Ga mutanen da suka fara raɗa su, waɗannan sunaye magana ce ta yau da kullum, wadda ke bayyana halin da aka haifi yaro ko fatan da iyaye ke yi masa, daidai da yadda kakanninmu suka ce Tanko ga wanda ya biyo bayan mata, Nomau ga wanda aka haifa lokacin noma, Shekarau ga wanda ya daɗe a ciki. Za mu komo kan wannan a ƙarshe.

To, me ya ɗauko sunan daga can ya kawo shi nan? Tabbas ba ma'anarsa ba ce, domin galibin iyayen da suka raɗa shi a Sifawa ko Danchadi ko Yabo ba su taɓa jin labarin Abram ba. Abin da ya kawo shi shi ne mai sunan. An ambaci Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sau 69 a cikin Alƙur'ani, kuma sura ta 14 sunansa take ɗauke da shi. Aikin hajji cike yake da tarihinsa da na iyalinsa, tun daga ginin Ka'aba har zuwa Maƙama Ibrahim da safa da marwa. Ragon layya da ake yankawa kowace shekara a kowane gida mai hali tunawa ce da biyayyarsa. Daɗin daɗawa, Manzo da kansa ya raɗa wa ɗansa, wanda Mariya Baƙibɗiya ta haifa masa a shekara ta 8 bayan hijira, suna Ibrahim, ya kuma bayyana cewa sunan kakansa ne ya mayar. Daga wannan rana sunan ya zama sunna. Bahaushe yana da kalma a kan wannan al'ada, watau takwara. Uba yakan zaɓi mutumin da yake so ɗansa ya gada a hali, sai ya ɗauko sunansa ya ba yaron.

Sunan ya riga jihadi isowa ƙasar Hausa da shekaru ɗaruruwa. Tarihin Kano ya nuna cewa bayan zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, sunayen sarakuna suka fara sakewa, har aka sami Dauda da Yakubu a kan gadon sarauta kafin Muhammadu Rumfa ya hau a 1463. A Katsina kuwa, a ƙarshen ƙarni na 15 an yi Sarki Ibrahim Sura, wanda yana cikin sarakunan da Imam Suyuɗi ya aiko wa wasiƙar nasiha daga Masar, bayansa kuma aka yi Ibrahim Maje a ƙarni na 16. Shi kansa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana danganta asalinsa ga Musa Jakollo, kuma babban malamin da Shehu da ƙanensa Abdullahi suka fi ambata shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru. Musa da Jibrilu kuwa duka ta hanyar da Ibrahim ya biyo suka biyo.

Yanzu sai mu iso Bodinga. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa da zama wajen 1810, Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Bodinga. A Sifawa ne a 1812 Shehu ya raba kulawa da ƙasa biyu, ya danƙa gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuma ga Abdullahi. Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, Abdullahi yana Bodinga. A cikin waɗannan shekaru ne ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, kuma shi ne ya bar mana manyan littattafan waƙe a kan nahawu da sarfu, waɗanda har yau ake karantawa a zaure. Ke nan babu wanda ya fi shi sanin cewa Ibrahim sunan ajami ne a ƙasar nan. Duk da haka ya raɗa wa ɗansa Ibrahim, wanda tarihi ya fi sani da Halilu, Sarkin Gwandu daga 1833 zuwa 1858. Shi ne sarkin nan mai gudun duniya wanda matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya iske a Gwandu a 1853, ya nemi ganinsa bai samu ba. Malamin lugga na farko a daular bai ga aibi ba ga sunan da ba na Larabci ba, tun da ya san wanda ya fara ɗaukarsa.

Idan muka duba jerin waɗanda aka ba tuta da waɗanda suka gaje su, za mu ga irin wannan zaɓi ko'ina: Malam Musa a Zazzau, Sulaimanu a Kano, Isiyaku a Daura, Yakubu a Bauci, Ibrahim Zaki a Katagum. A 1819 Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano, ya yi mulki har 1846, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙon sarautar. A gidan Gwandu an yi Yahaya daga 1938 zuwa 1954, aka yi Haruna daga 1954 zuwa 1995. Gidan Sakkwato shi ne ya ɗan bambanta, domin ya fi karkata ga sunayen Manzo da iyalinsa da sahabbansa, irin su Abubakar da Umaru da Aliyu da Hasan. Sai a 1988 aka sami Sarkin Musulmi mai suna Ibrahim, watau Ibrahim Dasuki, wanda ya riƙe sarauta har 1996. An haife shi a Dogon Daji, a bakin wannan hanya tamu, gaba da Shagari.

Sunan Dasuki ya kawo mu ga wani abin lura. Suna idan ya daɗe a wuri yakan haifi 'ya'ya, kuma kowane ɗa yana da nasa tarihi. Halilu ya fito ne daga laƙabin Annabi Ibrahim na Khalilullahi, watau badaɗin Allah, kuma da wannan laƙabi ne Larabawa ke kiran garin Hebron na Falasɗinu, inda ake ziyartar kabarinsa, suna ce masa Al-Khalil. Dasuki ya fito daga Shehu Ibrahim na garin Dasuƙ a Masar, waliyyi na ƙarni na 13. Dabo da Cigari suna tuna mana da Sarkin Kano da yaƙe-yaƙensa. Inyas kuma ya shigo a ƙarni na 20, bayan da almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Sanagal, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975, suka yawaita musamman a Kano. Sa'an nan ga Iro da Ibro, waɗanda bakin Bahaushe ya sassaƙa da kansa, har marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna a wasan kwaikwayo da Ɗan Ibro, alhali ba sunansa na yanka ba ne. Duk waɗannan Ibrahim ne, amma kowane ɗaya yana gaya mana wane Ibrahim iyaye suka nufa.

Al'adarmu ta alkunya ita ce ta ba waɗannan laƙabobi wurin zama. Ranar suna, watau kwana bakwai da haihuwa, akan taru da sassafe, a raba goro, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Amma daga wannan rana akwai bakunan da ba za su ƙara furta sunan ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta, kuma idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, duk gidan sai ya koma ce masa Abba ko Baba ko Halilu. Saboda haka masu suna Ibrahim sun fi yadda kunne ke ji yawa, domin da yawansu suna ɓoye a ƙarƙashin wani suna.

Garin Shagari ya ba mu misali mafi bayyana na yadda sunaye ke hawa kan juna. Mutumin da ya shugabanci Nijeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, aka haife shi a 1925, ya rasu a 2018, sunansa na yanka Usmanu, mahaifinsa Aliyu. Shehu laƙabi ne da ake yi wa duk mai suna Usmanu saboda girmama Ɗan Fodiyo, Shagari kuwa sunan garinsu ne. Duniya ta san shi da laƙabi da sunan gari, mutane da yawa kuwa ba su san sunan yankan ba. Wannan ɗabi'a ta liƙa sunan gari ta yi ƙarfi ne a makarantun boko na zamanin Turawa, waɗanda ke tara yara daga gundumomi dabam-dabam. Idan malami ya sami Ibrahim huɗu da Usmanu uku a aji guda, hanya mafi sauƙi ita ce ya bambanta su da garuruwansu. Ta haka muka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Gumi. Yawan masu suna ɗaya shi ya tilasta wannan dabara, kuma shi ne babbar shaida a kan farin jinin sunan.

Farin jinin nan bai tsaya ga Musulmi ba. Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa da Hausa a 1932 ya yi amfani da Ibrahim da Yakubu da Yusufu da Dauda, don haka Kiristocin Arewa da waɗannan lafuzza suke raɗa wa 'ya'yansu suna. Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne, takwaran Yakubun Bauci. A Amurka an yi shugaba Abraham Lincoln daga 1861 zuwa 1865. Ɗaliban Hausa da ke nan kuma sun san ƙamus ɗin R. C. Abraham na 1949. Ashe duk lokacin da muka buɗe shi littafin wani takwaran Iro muke buɗewa. A Magariba akan ce Brahim, a Gini da Sanagal Ibrahima, a ƙasar Yarabawa Buraimo. A ƙasa irin tamu, inda aka sha zubar da jini da sunan addini, yana da kyau mu tuna cewa a rajistar aji guda akwai yaran masallaci da na coci waɗanda ke amsa suna ɗaya, saboda mutum ɗaya.

To, mene ne aikinmu a cikin wannan? Abu uku muke so mu bari a zukatanku.

Na farko ya shafi alƙalami. A da, idan magatakarda ya rubuta suna ba daidai ba, gyara ba wuya. Yanzu kuwa sunan mutum yana cikin kwamfuta, a takardar jarrabawa da ta banki da katin ɗan ƙasa da fasfo, kuma injin ba ya san cewa Iro da Ibrahim mutum ɗaya ne. Yaron da aka rubuta Halilu a firamare, Ibrahim a sakandare, Ibraheem a banki, zai sha yawon rantsuwa a kotu kafin ya sami gurbin karatu, tsoho kuma yana iya rasa fanshonsa. Ga wani tarko da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani: Halilu dabam, Haliru dabam. Haliru daga Khidir yake, domin harafin nan na Larabci da ya mai da ƙadi alƙali, ya mai da wudu'u alwala, shi ne ya mai da Khidir Haliru. A Gwandu, da Halilu ya rasu a 1858, ɗan'uwansa Haliru ne ya gaje shi, mutum biyu, suna biyu, harafi ɗaya ne tsakani. Kada ɗayanmu ya ƙosa da tambayar baƙauye sunansa na yanka da na mahaifinsa kafin ya rubuta, kuma kada ya gyara masa suna don ya ji daɗin kunnensa.

Na biyu ya shafi zaɓi. An shiga wani yayi na neman sunan da ba a taɓa ji ba a unguwa, har wasu iyaye kan tsinto kalma daga fim ko intanet saboda zaƙin lafazinta kawai, ba su san ma'anarta ba, ba su kuma san wanda ya taɓa ɗaukarta ba. Ba mu ce sabon suna laifi ne ba, gama Inyas ma sabo ne a zamanin kakanninmu. Amma kowane sabon suna da ya zauna a ƙasar nan ya zo ne da mutum a bayansa, wanda za a iya ba yaro labarinsa idan ya girma ya tambaya. Uban da ya ce Ibrahim yana da abin faɗa: ga wanda ya tsaya shi kaɗai gaban jama'arsa a kan gaskiya, ga mai karɓar baƙi, ga wanda aka jarraba da abin da ya fi so bai ja da baya ba. Kafin mu raɗa suna, mu tambayi kanmu labarin da za mu bayar.

Na uku ya shafi raini. Akwai masu ilmi a cikinmu da ke jin kunyar sunayen kakanninsu, su goge Nomau ko Tanko ko Bawa daga takardunsu, wai don ba Larabci ba ne. Idan Larabci ne ma'auni, to Ibrahim da Musa da Yusufu duk sun faɗi, kuma Malam Abdullahi, wanda ya fi mu sanin Larabci nesa ba kusa ba, bai auna da wannan ma'auni ba sa'ad da ya raɗa wa Halilu suna. Abin da shari'a ta hana shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai bautar da mutum ga wanin Allah. Sunan da ke cewa an haifi yaro da damina bai fi wanda ke cewa ya yi dariya laifi ba. Waɗannan tsofaffin sunaye tarihin gidajenmu ne, kuma idan muka share su babu wani littafi da za a je a same su.

Don haka muna ba ƙungiyarmu shawara. Idan aka tafi hutu, kowane ɗalibi daga Bodinga da Shagari da Yabo da Tambuwal ya zauna da dattawan gidansu, ya rubuta sunayen kakanninsa iyakar inda aka tuna, da sunan yanka, da laƙabi, da wanda aka yi wa takwara. Idan aka tara waɗannan takardu aka ajiye a ɗakin karatu, za a ga lokacin da kowane suna ya shigo kowane gari, da malamin ko sarkin da ya jawo shi. Aiki ne da ba ya bukatar kuɗi, sai littafin rubutu da ladabi, kuma tsofaffin da suka san amsar ba za su jira mu har abada ba.

 Allah ya sa mu gaji halin waɗanda aka raɗa mana sunayensu, amin.